Shuɗin Zare a Hanjin Karfasa

Zaharaddini bai runtsa ba a daren Talatar nan, kuma da gari ya waye, tambayar da ta hana shi barci tana nan inda ya bar ta. Da yammacin jiya, a ɗakin gwaji na jami'ar da mutanen Kumasi ke kira Tek, ya ɗora hanjin wata karfasa ƙarƙashin madubin da ke girmama ƙananan abubuwa, ya ga wani siririn zare shuɗi da bai kai tsawon gashin ido ba, kwance cikin abin da kifin ya ci. Zaren roba ne, irin wanda ya shekara yana karantawa a littattafai. Sai dai da ya ɗago kai, ya lura rigar da ke jikinsa shuɗiya ce.

Daga kogi zaren ya fito, ko daga hannun rigarsa ya faɗo? Mutum ne da ƙaramin shakku ke yi wa nauyi fiye da babbar wahala. Saboda haka ya sa farar riga ta auduga, ya ɗauki kwalabe shida masu murfin ƙarfe, ya shiga torotoro, ƙaramar bas ta haya, zuwa Moshi Zango, inda aka ce masa wata Mma Alima na karɓar ɗanyen kifi daga masuntan kogin Oda tana yin banda.

A tsakar gidan, kusa da murhun da hayaƙi ke tashi, wata budurwa ta tsuguna gaban faranti tana feɗe kifi. Wuƙar tana shiga, yatsa yana bi, kayan ciki suna faɗawa bokiti, duk cikin numfashi ɗaya.

"Salamu alaikum. Hanji nake nema."

"Alaikumus salam. Mahauta suna can gaba," ta ce, ba tare da ta ɗago ba.

"Hanjin kifi."

Nan ta ɗago. Ta dubi farar rigarsa, ta dubi kwalaben, sannan ta dubi idanunsa da suka yi ja.

"Kyanwa gare ka?"

"A'a. Digiri nake yi."

"A hanji?"

"A hanji."

Ta juya wajen ƙofar ɗaki. "Mma, fito ki gani. An fara ba da digiri a abin da muke zubarwa."

Sunanta Hikima, 'yar autar Mma Alima. Ta gama sakandare, tana jiran a kira ta kwalejin malamai. Ranar nan ta cika masa kwalabensa shida, ta ƙi karɓar komai, ta ce ba ta san farashin shara ba. Ya koma ɗakin gwaji cikin farar rigarsa, ya rufe tagogi, ya duba. Shuɗin zaren yana nan. Har da ja, har da kore. Ya yi mamakin yadda fuskar da ke dawo masa a rai ba ta malaminsa da zai kai wa labari ba ce.

Daga nan ya zama duk Laraba da Asabar, ranakun da kifi ke sauka, yana tsakar gidan. Hikima ta koyi rubuta kwanan wata a jikin murfi, ta koyi cire mayafinta mai santsi ta ɗaura na auduga kafin ta taɓa kwalabensa. Ta raɗa masa suna Malam Hanji. Shi kuwa ya ɗauki wata biyu kafin ya iya ƙara harafi biyu a ƙarshen sunanta, kuma a waya ya fara.

"Hikimata, yau kwalba ta huɗu babu kwanan wata."

"Da gangan na yi. Ina so in ga ko za ka rubuto."

"Ga shi na rubuto."

"To Malam Hanji, Mma ta ce in tambaye ka: mai digirin hanji da me yake ciyar da iyali?"

"Ki gaya wa Mma da tsoka. Hanjin na ofis ne."

"Ta yi dariya har ta ƙware. Ta ce ka zo Asabar da wuri, akwai tuwon zafi."

Wata ranar Litinin, da izinin malaminsa da na Mma Alima, ya kai ta ɗakin gwajin. Ya ba ta farar riga ta ɗora, ya daidaita mata madubin, ya ja baya. Ta sa ido ɗaya a kai.

A ƙarƙashin hasken, ɗigon da bai kai ƙwayar gero ba ya buɗe ya zama fili. Ga ɓurɓushin ganyen ruwa kamar faffaɗan tabarmi, ga ƙafar wani ƙwaro mai gaɓoɓi tara, kowace gaɓa da gashinta a jere. Tsakanin waɗannan halittu, zaruruwa uku sun miƙe suna sheƙi, ba su ruɓe ba, ba su koɗe ba.

"Subhanallah," ta ce a hankali. "Duk wannan a cikin abin da nake zubarwa?"

"Duk."

"Wannan koren na san shi. Soson wanka ne, na raga. Irinsa ne rataye a banɗakinmu."

Bai taɓa tunanin haka ba. A takardunsa lamba ce kawai da launi. Ita ce ta fara ba zaren gida. Ya tsaya a bayanta yana bin hanyar a ransa: wani ya yi wanka a Moshi Zango, soso ya saki zare ɗaya, ruwa ya bi kwata, kwata ta faɗa rafin Aboabo, rafi ya ratsa bayan masassaƙan Anloga ya haɗu da wani, har Oda. Can wata karfasa ta buɗe baki. Masunci ya jefa taru, mota ta dawo da kifin unguwar da zaren ya baro, aka ajiye shi gaban wuƙar Hikima. Babu abin da mutum ya saki daga hannunsa da ya tafi ke nan. Ya ji tsoro, ya kuma ji wani abu mai kama da tsayuwa a sahun salla.

"Ina so in turo manyana," ya ce wa bayan kanta.

"Bari in gama kallo tukuna," ta ce. Amma ya ga kunnenta ya motsa, alamar murmushi.

Ba shi kaɗai ke neman Hikima ba. Abdul-Kudus, wanda mahaifinsa ke da shagon daskararren kifi a Asokore Mampong, ya shekara yana aiko da gaisuwa ba a amsa masa ba. Wata safiya ya tarar da Zaharaddini a teburin mai shayi, ya ja benci kusa da shi, ya ajiye wayarsa a kife.

"Cale, abokina, wai da gaske ka ga roba a kifin Mma Alima?"

Ba kasafai ake tambayar Zaharaddini aikinsa ba. Ya ajiye kofi ya yi bayani na kusan minti goma: cewa a hanji ya gani, cewa hanjin zubarwa ake yi, cewa daga kwatocinmu abin ke zuwa, cewa masu bincike sun ga irinsa a kifin teku ma. Abdul-Kudus na ta gyaɗa kai.

Kafin azahar, wani saƙon murya na daƙiƙa tara ya zaga wayoyin zango. Muryar Zaharaddini ce, a natse: "Eh, na ga roba a kifin Mma Alima, kusan kowanne."

A Kumasi kalmar roba tana da faɗi. Abin da ake ƙulla sikari a ciki roba ne, bokiti roba ne, takalmin wanka roba ne. Amma idan aka jingina ta da abinci, ma'ana ɗaya ce take zuwa kunne: jabu. Mutane ba su manta jita-jitar shinkafar roba ba, wadda aka ce a masana'anta ake zuba ta. Babu wanda ya ji zare a hanji. Abin da aka ji shi ne Mma Alima, mai shekara ashirin da shida gaban murhu, tana sayar da kifin roba, kuma ɗan Tek ya tabbatar.

Masu tuwon zafi biyar da ke ɗaukar bandarta kowace safiya suka daina aikowa. Wata mata ta zo har gida ta jefa tarwaɗa a ƙasa don ta ga ko za ta yi tsalle kamar ƙwallo. Mma Alima ta kashe wutar murhu a ranar Laraba, abin da ba ta yi ba ko ranar da ta haifi Hikima.

Saƙon Hikima ya zo masa da la'asar.

"Na ji muryarka. Na san an yanke, don tun da na san ka ba ka taɓa magana ta daƙiƙa tara ka tsaya ba. Amma Mma ba ta ci abinci ba tun jiya. Baba yana nemanka."

Alhaji Sumana, mahaifin Hikima, tela ne. Shagonsa na jikin ƙofar gidan, an ɗora masa katako biyu a kan kwata don masu shiga. Bai tsayar da keken ɗinkin ba sai da ya kai ƙarshen kalmasa.

"Kai ne ka ci tuwon gidan nan wata huɗu?"

"Ni ne, Baba."

"Manyanka sun aiko za su zo gaisuwa. Na ce su dakata." Ya cire gilashinsa. "Abu ɗaya nake so. Da muryar da ka ɓata sunan matata, da ita za ka gyara. Ka ɗauki waya ka ce babu roba a kifinta, ko ƙwaya ɗaya, ka rantse. In ka yi, su zo. In ba ka yi ba, kada ka sake taka katakon nan."

"Baba, zan ce kifinta ba jabu ba ne, zan rantse a kan haka yanzu. Zan ce an yanke maganata. Amma ba zan iya cewa babu ba, domin na gani a hanji, tsokar kuma ban duba ba."

"To duba. Mako biyu."

Ya duba. Kifi talatin ya saya daga masuntan Oda ta hannun wani abokin karatunsa, don Mma Alima ta daina karɓa. Ya yanki tsokar kowanne, ya narkar, ya tace, ya sa ido. Yana dubawa yana addu'ar da shi kansa yake jin kunyarta: Allah ya sa kada ya ga komai. Ashirin da takwas suka fito wayam. A biyu ya ga zare ɗaya-ɗaya, kuma ba zai iya rantsewa daga kifin suke ba ko daga iskar ɗakin suka faɗo. Ya gaya wa Hikima kafin kowa.

"Biyu cikin talatin, kuma kai kanka ba ka tabbata ba," ta rubuto. "Zahar, ka ce babu. Ƙarya ɗaya, domina."

Ya rubuta ya goge har sau huɗu.

"Hikimata, babu abin da nake so a duniya kamar in zauna gefen murhun nan ina kallon hannunki. Amma idan na rantse a kan abin da ban sani ba, ranar da zan ce miki ina son ki, da me za ki auna?"

Kwana uku wayarsa shiru. A rana ta huɗu saƙo ya shigo.

"Har yanzu ina fushi. Ka aro ƙaramin madubin nan da kuke fita da shi kogi, ka zo shago gobe da hantsi. Kada ka yi dogon bayani."

Ya zo. Ya tsaya a bakin katakon bai taka ba, ya faɗi sakamakon yadda yake, biyu cikin talatin, da shakkun da ke tattare da biyun. Fuskar Alhaji Sumana ta ɗaure.

"Wato ba za ka rantse ba."

"Ba zan iya ba, Baba."

"To ka ji abin da na ce tun farko."

Hikima ta fito daga zaure, ta durƙusa gefen keken. "Baba, wai zare ne ya ce ya gani. Duk zangon nan wa ya fi ka sanin zare? Ka duba da idonka. In ka ce ba zare ba ne, ni da kaina zan kore shi."

Tsohon ya dube ta, ya dubi akwatin da ke hannun saurayin. Wataƙila son sani ne ya rinjaye shi, wataƙila kuma girman sana'a. Ya ture yadin da ke kan teburin yanka. "Shigo da shi."

Zaharaddini ya ɗora abin da ya tato daga hanjin wata karfasa, ya kunna fitilar madubin. Alhaji Sumana ya cire gilashinsa, ya sunkuya. Titi na ta hayaniya, wani mai torotoro na kiran Aboabo, amma a cikin shagon babu mai motsi. Leɓɓan tsohon suka fara motsawa da tasbihi. Ya ga ƙafar ƙwaro da gaɓoɓinta, ya tambayi mene ne, aka gaya masa, ya ce tsarki ya tabbata ga wanda ya ɗinka wannan. Sannan idonsa ya faɗa kan shuɗin zaren.

"Hikima, ba ni allura da ashana."

Zaharaddini ya buɗe baki zai ce haka littafinsu ya koyar, a gasa allura a kusantar da ita, sai ya tuna an hana shi dogon bayani. Alhaji Sumana ya riƙe allurar cikin harshen wuta har ta yi ja, ya mai da ido kan madubin, ya kai tsinin da hannun da ya shekara arba'in yana zura zare ba ya rawa. Zaren ya lanƙwashe, ya tattare, ya dunƙule ya zama ɗan ƙwallo baƙi.

"Foliyesta ne," ya ce. "Auduga toka take yi. Wannan narkewa yake." Ya miƙe a hankali. "A cikin kifi."

"A cikin hanjinsa, Baba."

Tsohon ya dubi ƙasan shagonsa, inda guntayen yadi da ɓurɓushin zare suka baje, shuɗi da ja da ruwan hoda. Ya dubi tsintsiyar da ke jingine a lungu. Ya dubi ratar da ke tsakanin katakan nan biyu, inda ruwan kwata ke wucewa.

"Shekara talatin da takwas," ya ce, "kowace yamma nan nake tura sharar shagon nan."

"Ban ce naka ba ne, Baba. Ba yadda za a yi a sani."

"Na san ba za ka ce ba. Abin da ba ka tabbatar ba, ba ka faɗa. Na ga wannan." Ya mai da gilashinsa. "Ka ce wa manyanka Asabar bayan la'asar."

Alhaji Sumana da kansa ya ɗauki saƙon muryar, minti bakwai, rabi da Hausa rabi da yaren Tuwi. Ya ce shi Sumana tela ya gani da idonsa, kifin matarsa kifin Allah ne, mu ne muke ciyar da shi tsummanmu, kuma wanda ke shakka ya zo ya ga yadda 'yarsa ke fitar da hanji. Daga ranar, kowace azahar yakan fito da kujera bakin shago ya ci bandar tarwaɗa a gaban masu wucewa. Mma Alima ta sake hura wuta. Huɗu daga masu tuwon zafin suka dawo cikin wata guda, ta biyar ba ta dawo ba har yau. Abdul-Kudus ya canza teburin shayi.

An ɗaura auren wata Lahadi da safe, bayan ruwa ya ɗauke, a masallacin unguwa. Liman ya roƙa musu zaman lafiya da zuriya ta gari, aka shafa, aka raba goro da dabino. Mma Alima ta riƙe hannun angon ta ce, "Ɗan Tek, ga ta nan. Tsoka ka yi alkawari." Hikima ta yi dariya a ƙarƙashin mayafi har kafaɗunta na rawa.

Da la'asar aka kai kayan amarya ɗakin da suka kama a Asokore Mampong. Cikin kayan akwai matasan kai guda biyu da babu wanda ya san lokacin da aka ɗinka su, farar auduga mai kauri, an bi bakinsu da ɗinki biyu. Hikima ta ɗaga ɗaya, ta ji ya fi na kasuwa nauyi. Ta matsa shi da yatsun da lalle ya rina, ta ji guntayen yadi suna motsi a ciki, ƙanana da manya.

"Malam Hanji, taɓa ka ji."

Ya taɓa. Ya gane.

"Sharar wata uku ce," ta ce a hankali. "Tun ranar nan bai sake turawa kwata ba. Buhu ya ajiye ƙarƙashin keke. Bai gaya wa kowa ba, ko Mma."

Zaharaddini ya zauna a bakin gadon da matashin a cinyarsa, yana bin ɗinkin da yatsa. Ko'ina a rufe yake, babu inda zare ɗaya zai fita.

"Allah ya saka wa Baba," ya ce.

"Amin. Mu kuma ya bar mu tare."

"Amin, Hikimata."